Yadda tankin kifi ɗaya yake haifar wani

Duk mai kiwon kifin ado da ya ƙara tanki na biyu yana da hujja, kuma abin haushin shi ne hujjar tasa gaskiya ce. Ba wanda yake tashi da safe ya ce yau zai cika ɗaki da gilashi da ruwa don kwaɗayi kawai. Tankin farko ne yake kawo matsala, matsalar kuma ba ta da magani sai wani tanki.

Ni dai gupi ne suka fara ja na. Ƙananan kifaye ne masu wutsiya kala-kala, asalinsu daga arewa maso gabashin Kudancin Amurka, wajen Benezuwela da tsibirin Tirinidad. Ba sa zuba ƙwai kamar yawancin kifaye, haihuwa suke yi. Cikin macen yana ɗaukar kwana 21 zuwa 30, kuma sau da yawa takan sauke 'ya'ya 20 ko fiye a lokaci guda. Wani abin mamakin ma, tana ajiye maniyyin namiji a jikinta na watanni, don haka ko an raba ta da shi haihuwar ba ta tsayawa nan take. Manyan kuwa ba su san ɗa ba. Duk abin da ya shiga baki abinci ne, har a wajen uwar da ta haifa. Da na ga jariran suna maƙale a cikin ciyawa, idanu biyu da ɗan zaren jiki, kullum adadinsu na raguwa, sai na ce to, a nemo musu ɗaki.

Abu na farko da aikin ya nema ba tankin ba ne, wurin ajiye shi ne. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce cif. Tanki mai lita 60, in aka haɗa da gilashinsa da tsakuwa da duwatsu, yana haura kilo 70, nauyin babban mutum ke nan da zai zauna wuri guda dare da rana ba ya tashi. Teburin da ake ɗora littattafai ba zai jure ba. Dole kuma wurin ya zama a miƙe, domin in gefe guda ya fi ɗaya tudu, ruwan zai riƙa danne kusurwa ɗaya har gam ɗin da ya riƙe gilashin ya gaji. Yadda nake gwadawa, in zuba ruwa kamar tsawon yatsa biyu in duba ko layinsa ya tafi daidai da gindin tankin ta kowane gefe. Ban da kusa da taga, saboda hasken rana kai-tsaye yana kiran gansakuka, yana kuma sa zafin ruwa ya riƙa hawa da sauka. Kafin in kai shi mazauninsa sai da na cika shi a banɗaki ya kwana, in yoyo zai yi ya yi a can.

Na jarirai lita 40 na ɗauka, babu tsakuwa a ƙasa don in riƙa ganin datti, da matatar ruwa ta soso wadda injin iska ke turawa. Matatar da ke da famfo mai ƙarfi zuƙe jarirai take yi. Soso kuwa har kiwo suke yi a jikinsa.

Daga nan aka shiga ɓangaren da ya fi kowanne muhimmanci, wanda kuma ido ba ya gani. Kifi yana fitar da amoniya, mafi yawanta ta wurin da yake numfashi a gefen kansa, ragowar abinci da kashinsa su ma suna ruɓewa su ƙara. Amoniya guba ce ko da kaɗan ce. A tankin da ya zauna, akwai bakteriya irin su Nitrosomonas da suke mayar da ita naitirayit, wanda shi ma guba ne don yana hana jinin kifi ɗaukar iskar shaƙa. Sai wasu, irin su Nitrospira, su mayar da shi naitiret, wanda kifi ke iya jurewa in bai yi yawa ba, kuma shi ake ragewa da canjin ruwa. Sabon tanki ba shi da waɗannan ma'aikata. In aka bar su su taru da kansu, ana ba su ɗan abin da za su ci, sai an yi mako 4 zuwa 6 kafin ruwan ya zama gida.

A nan mai tanki na biyu yake gane cewa ya fi mai na farko gata, kuma ina zargin daga nan cutar take kama mutum. Bakteriyar nan ba a cikin ruwa suke yawo ba, a jikin abubuwa suke manne, musamman cikin matata. Da ruwan ciki ake jan na rijiya: na ɗauki sabon soson na jefa shi cikin tsohon tanki yana aiki gefen tsohuwar matatar ruwan na 'yan makonni, ya yi duhu, ya yi nauyi, ya fara warin ƙasar da aka yi wa yayyafi. Ranar da na cika sabon tankin, na zuba maganin kashe kulorin tukuna, domin kulorin ɗin ruwan famfo aikinsa ke nan kashe bakteriya, bai san ta kirki da ta banza ba. Wasu wuraren ma kuloramin ake zubawa, wanda ba ya tashi ko an bar ruwan ya kwana a bokiti. Na jira hita, wato na'urar ɗumama ruwa, ta kai ruwan digiri 25, sannan na ɗauko soson yana ɗiga na dasa shi.

Gwajin ruwa ya zama mini aikin kowace safiya. Ƙaramar kwalba, ruwan tanki mililita 5, a ɗiga magani, a girgiza, a jira minti 5, a kara da katin launuka a gaban haske. A irin nawa, amoniya in babu ita ruwan rawaya yake zama, in akwai sai ya juya kore. Naitirayit in babu shuɗi ne garau, in akwai sai ya koma ruwan hoda mai duhu. Mutum ya tsaya yana karkata kwalba yana gardama da idonsa, wannan rawaya ce ko ta fara kore? Da soso mai rai, abin da ya ci mini fiye da wata a tankin farko ya zo da sauƙi ƙwarai. Amoniya sifiri, naitirayit sifiri, naitiret ya ɗan nuna kansa. Na kwashe jariran da kofi, ba da raga ba, na mayar da su.

To ka ga illar. Abin da yake tsorata sabon shiga, wato dogon jira da fargabar mutuwar kifi, ya kau. Yanzu na san cewa in ina da soso a ajiye cikin tsohon ruwa, sabon tanki aikin yini guda ne.

Tanki na uku kuwa, wani dattijo ne da ya daɗe a harkar ya sa ni, kuma har gobe ina ganin gaskiyarsa. Na gaya masa ina son ƙaro neyon tetra, 'yan ƙananan nan na yankin Amazon masu zanen shuɗi da ja, waɗanda ba sa sakewa sai suna garke na 6 ko fiye. Ya ce, “Yaro, ina za ka sauke su?” Na ce a babban tanki mana, Baba. Ya girgiza kai ya ce baƙon kifi ba ya shiga cikin jama'a sai ya yi mako 2 zuwa 4 a killace, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Na haɗa ɗan tanki mara ado, soso, hita, da guntun bututun roba don su samu wurin ɓuya.

Ba a yi mako ba sai ga fararen ɗigo a wutsiyar biyu daga cikinsu, kamar an barbaɗa musu gishiri, suna goga jiki a bututun. Cutar farin ɗigo ke nan, wadda wata ƙwayar halitta mai suna Ichthyophthirius multifiliis take kawowa. Yadda take rayuwa shi ne yake koya wa mutum haƙuri. Lokacin da take jikin kifi tana ƙarƙashin fata, magani ba ya kai mata. Sai ta ƙoshi ta faɗo ƙasa, ta rufe kanta, ta rarrabu ɗaruruwa, sannan 'ya'yan su fito suna iyo suna neman kifi. A wannan ɗan tsakanin kaɗai magani yake kama su. Shi ya sa ake ci gaba da zuba shi kwanaki bayan ɗigon ya ɓace, ana kuma ɗan ƙara zafin ruwa don zagayen ya yi sauri. A ƙaramin tanki mara tsakuwa wannan aiki ne mai sauƙi, maganin ma kaɗan ake ci. A babban tanki mai ciyawa da katantanwa da ya zama tashin hankali, tunda wasu magungunan suna da sinadarin jan ƙarfe da ke kashe katantanwa da jatan lande.

Neyon suka warke, suka koma babban gida. Aka bar ni da tanki mai ruwa mai kyau, matata mai rai, hita a kunne, babu kowa a ciki. Wanda bai taɓa yi ba ba zai gane irin kiran da tanki irin wannan yake yi ba. In ka kashe shi bakteriyar ta mutu da yunwa. In ka bar shi yana aiki, wutar banza kake ƙonawa. Kuma daidai lokacin na san cewa namijin beta, mafaɗacin kifin nan na Tailan mai doguwar wutsiya, ba ya zama da ɗan'uwansa namiji, ba a kuma so a haɗa shi da gupi don yakan ɗauki wutsiyarsu a matsayin tsokana. Kifi ne da yake son ɗaki nasa shi kaɗai, mai ruwa a kwance, yana hawowa sama lokaci-lokaci ya kurɓi iska da baki. Ga ɗaki, ga mai neman ɗaki.

Uwargida ta tsaya a gabansa ta daɗe tana kallo.

“Maigida, wannan ba shi ne asibitin ba?”

Na ce shi ne.

“To shi wannan mai jar wutsiyar me ke damunsa?”

Na ce lafiyarsa ƙalau.

“Allah ya ƙara lafiya. In wani ya kwanta kuma ina za a kai shi?”

Ban ba ta amsa ba, domin amsar tanki ce.

Daga nan abin ya daina buƙatar matsala, ilimi kawai ya ishe shi. Duk abin da ka karanta game da wani kifi, a ƙarshensa akwai dalilin da zai hana shi zama da waɗanda kake da su. Kifin zinariya, wanda aka fara kiwonsa a Sin fiye da shekara 1,000 da suka wuce, ruwa mai ɗan sanyi yake so, ga yawan kashi, ba zai yi da na ruwan ɗumi ba. Neyon suna son ruwa mai laushi mai ɗan tsami. Kifayen duwatsu na Tafkin Malawi, waɗanda ake kira mbuna, akasin haka suke so, ruwa mai nauyin ma'adinai wanda pH ɗinsa, wato ma'aunin tsamin ruwa, yake wajen 8. Ba yadda za a yi ruwa guda ya gamsar da su duka. Kayan aiki ma suna zuga mutum. Ka sayi sabuwar hita, tsohuwar tana aljihun tebur. Injin iskarka yana da baki biyu, ɗaya a toshe. Ciyawar Anubias ta yi yawa ka yanke, ba ka son zubarwa. Wata rana ka duba sai ka ga duk abin da tanki ke buƙata yana gidan, gilashin kawai ya rage.

Na Malawi shi ne babba, ya haura lita 200, duwatsu jibge har kusan saman ruwa, an dasa su a kan gilashi kafin a zuba yashi saboda kifayen haƙa suke yi, in suka rarake ƙarƙashin dutse zai iya faɗowa. Masu launin rawaya na zuba, Labidochromis caeruleus, mata sun fi maza yawa don kada namiji ya takura wa mace guda. A nan na ga abin da ya biya ni duk wahalar. Wata mace ta daina cin abinci. Takan zo har wurin da abincin yake ta juya. Da na matsa kusa sai na ga maƙogwaronta ya kumbura, bakinta a rufe gam, lokaci-lokaci tana motsa muƙamuƙi kamar mai tauna. Ƙwai ne a bakinta, tana juya su don ruwa ya ratsa su. Kusan mako 3 take yi a haka ba ci. Wajen ƙarshe, in haske ya faɗo daidai, ta cikin siririyar fatar haɓarta ana hango baƙaƙen ɗigo, idanun 'ya'yan ne. Kuma mace mai goyo a baki, in ana so 'ya'yan su tsira, wuri take buƙata ita kaɗai. Ka dai gane inda maganar ta nufa.

Ba mu muka fara ba. Tun da aka buɗe gidan kallon kifi na farko ga jama'a a gidan namun dajin Landan a 1853, cikin 'yan shekaru sha'awar ajiye tanki a falo ta mamaye gidajen Ingila. Abin da na lura da shi a kaina shi ne, daɗin ya fi yawa a gaba. Auna wuri, zana yadda duwatsu za su zauna, wanke yashi har ruwan ya fita fari, zuba ruwan farko a kan faranti don kada ya tona ƙasa, kunna fitila a karon farko. Sabon tanki kamar sabon littafin rubutu ne a hannun ɗan makaranta, shafin farko babu kure ko ɗaya. Tsohon tanki kuwa yana da gansakukar da ta ƙi ji a kusurwa, da ciyawar da ta ƙi girma, da kifi guda mai cin zali. Gyara tsoho aiki ne, fara sabo biki ne. Sau da yawa in na ji ina son wani tanki, in na bincika sai in tarar akwai wani tsoho da nake gudun sa hannu a ciki.

Iyakar abin ba wuri ba ne, mutum in yana so zai samu wuri, har kanta mai hawa uku ake yi. Bokiti ne iyaka. Kowane tanki yana son a canza masa kamar kashi 25 cikin 100 na ruwansa duk mako, a zuƙe dattin ƙasa da tiyo. In jimillar ruwanka lita 400 ce, lita 100 za ta fita, 100 ta shiga: bokiti mai lita 10 sau 20, kilo 200 a hannu, kowane mako, ko kana jin daɗi ko ba ka ji. Kowane bokiti mai shiga sai an kashe kulorinsa an daidaita zafinsa. Soso kuma a cikin ruwan da aka cire ake matse shi, ba a ƙarƙashin famfo ba. Ƙananan tankunan da suka fi sauƙin saye su suka fi saurin lalacewa, don ruwa kaɗan ba ya ɓoye kuskure, ƙwayar abinci ta wuce kima ko kifi guda ya mutu a bayan dutse, kafin gari ya waye amoniya ta hau.

Sai ƙananan abubuwa da suke taruwa. Hita tana cin kamar wat ɗaya a kowace lita. Soket ya cika, kuma kowace waya sai an bar mata lanƙwasa a ƙasa da soket don ruwan da ya bi ta ya ɗiga ƙasa maimakon ya shiga wuta. Ɗaki ya fara danshi sai an sa wa kowanne murfi. Raga ɗaya in tana yawo tsakanin tankuna, cuta ma tana bin ta, don haka na asibiti nasa daban. In wuta ta ɗauke na dogon lokaci, ba matata ɗaya kake tunani ba. Tafiya kuwa, bayanin da za ka bar wa mai kula da su ya kusa cika shafi.

Alamar da ta tsayar da ni ba gajiya ba ce. Na lura ina bi layi-layi ina zuba abinci, ina duba ma'aunin zafi, in wuce, ba na zama. Kujerar da na ajiye gaban tankin farko ta koma wurin ɗora tawul da tiyo. Naitiret a ƙaramin tankin gupi kuma ya fara wuce 40 a katin gwaji, abin da ke nuna ruwan yana neman canji fiye da yadda yake samu.

Rage tanki ma aiki ne mai tsari. Na fara da toshe mafarin, wato gupi. Da sun kai kamar wata guda ana iya bambance su, namiji fiffiken ƙarƙashin cikinsa yana tsukewa ya zama kamar ɗan tsinke, na mace yana nan a buɗe. Na ware mazan na riƙe, matan da sauran na raba wa masu so. Kogi ko tafki ba wurin zubar da su ba ne. An kai gupi ƙasashe da yawa don su ci tsutsar sauro, kuma a wurare da dama sun zauna sun takura wa kifayen asali. Mazan suka koma tankin farko tare da neyon, a ruwa mai matsakaicin hali da duka biyun suke jurewa. Ranar ƙaura ban ba su abinci ba, na daidaita zafin ruwan biyu, na kuma tafi da sosonsu tare da su, saboda matatar can ta saba da kashin kifayen da take da su ne kawai, ƙarin baki yana son ƙarin ma'aikata. Na yi ta gwajin ruwa har na tabbata amoniya ba ta motsa ba. Tankin da ya zama fanko na wanke shi, na shanya, na juya shi a kife a ɗakin ajiya. Shi ne asibiti yanzu, kuma a bushe yake zama. Sosonsa yana aiki a ɓoye bayan duwatsu a wani tanki, ranar buƙata a cika a dasa.

Sha'awar ba ta tafi ba, dabara kawai na yi mata. In wani kifi ya shiga raina, ina rubuta sunansa a takarda in manna a jikin kanta, in ba shi wata guda. A cikin watan dole kowane tanki ya samu canjin ruwansa a kan lokaci, in kuma sake wa ɗaya daga cikin tsofaffin tsari, in tsige ciyawa, in juya duwatsu, in kankare gilashi. Yawancin sunayen kafin watan ya cika sun daina yi mini magana, in yage takardar.

Wanda yake manne yanzu jan jatan lande ne, ɗan mitsitsin nan Neocaridina davidi da aka fi sani daga Taiwan. Beta zai farauce su, mbuna za su cinye su a yini guda, gupi da neyon za su tsince jariransu, asibiti kuma an taɓa zuba maganin jan ƙarfe a ciki. Suna kuma son tankin da ya kwana biyu, wanda santsi ya kama jikin duwatsunsa don shi suke kiwo. Gurbin da ke hawan ƙasa na kantar santimita 45 ne, na auna. Watan bai cika ba tukuna, ban kuma yi wa uwargida maganar ba. Sabon soso dai na riga na jefa shi a tankin farko, tunda ko ba a yi ba, ajiye soso mai rai ba laifi ba ne.